Daga Dutse Zuwa Ƙararrawar Makaranta: Darasi a Kan Ma'adinan Ƙarfe

 

Kowace safiya ƙararrawa ce ke tara mu a filin taro. Kowa ya san ƙararrawar nan tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. Shekara da shekaru ana dukansa, ga rana ga ruwan sama, amma bai fashe ba, muryarsa kuma ba ta dushe ba. Da tukunyar ƙasa aka rataye a wurin, da bugu ɗaya ya ishe ta. To me ya ba wilin nan wannan juriya? Kafin ya zama wili kuma, ina yake? Amsar ita ce dutse ne kwance a cikin ƙasa, wataƙila a wata nahiya mai nisa. Darasinmu na yau zai bi sawun wannan tafiya, domin tambayoyi a kanta suna fitowa a jarrabawa, kuma domin ƙasarmu tana da irin waɗannan duwatsu, har wasu sa'o'inmu suna barin aji saboda su.

Mene ne ma'adinin ƙarfe?

Ma'adini abu ne da Allah ya halitta a cikin ƙasa, ba tsiro ba, ba dabba ba, yana da sinadaran da suka keɓanta da shi. Masana sun kasa ma'adinai gida biyu. Akwai waɗanda ba a fitar da ƙarfe daga cikinsu, kamar gishiri da kanwa da dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Ashaka da Obajana da Sakkwato. Akwai kuma waɗanda in an narka su ƙarfe ke fitowa. Waɗannan na biyun su ne ma'adinan ƙarfe.

Abu na farko da za mu riƙe shi ne, yawancin ƙarafa ba a samunsu tsantsa a ƙasa. Ana samunsu a haɗe da iskar oksijin ko farar wuta, a cakuɗe da yashi da tsakuwa. Zinariya ce fitacciya da akan tarar da ita a siffarta ta ƙarfe, domin ba ta son haɗuwa da wasu sinadarai. Ga sunayen duwatsun da ya kamata mu haddace:

Baƙin ƙarfe daga hematayit da magnatayit ake samunsa. Su ne kakanninmu suke kira tama.
Kuza daga kasitarayit, wani baƙin yashi mai nauyi.
Alminiyam daga boksayit, wata jar ƙasa mai ƙwari.
Dalma daga galena, dutse mai sheƙi wanda ake niƙawa a yi tozali.
Tutiya daga sifalarayit, wanda sau da yawa a rami ɗaya ake samunsa da galena.
Jan ƙarfe daga calkofarayit da danginsa.

A kula da kalmar dalma. A kasuwa mukan ce tukunyar dalma, alhali tukunyar ta alminiyam ce. A darasin kimiyya dalma ita ce ƙarfen nan mai nauyi da laushi da ke cikin batirin mota, kuma guba ce.

Halayen da suka sa ƙarfe ya zama ƙarfe

Na farko, sheƙi. Ko ƙusa mai tsatsa ce, in ka goge ta da yashi za ta yi ƙyalli.

Na biyu, ƙarfe yana ƙeruwa. Maƙeri ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya dake shi da masaba, ya baje ba tare da ya farfashe ba. Zinariya ta fi kowane ƙarfe wannan hali: giram ɗaya nata ana iya buga shi ya baje ya rufe kusan murabba'in mita ɗaya.

Na uku, yana jawuwa ya zama waya. Wayar wutar da ke ajinmu shaida ce.

Na huɗu, zafi da lantarki suna ratsa shi cikin sauƙi. Shi ya sa cokalin ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi a miya, muciya kuwa ba ta yi. Azurfa ce ta fi kowane ƙarfe gudanar da lantarki, sai jan ƙarfe. Da yake azurfa tana da tsada, jan ƙarfe ake sa wa a wayoyin gida.

Na biyar, amo. Wannan ne sirrin ƙararrawarmu.

Na shida, nauyi da zafin narkewa, kuma a nan ne ƙarafa suka sha bamban. In ka cika kwalba da ruwa, ka cika wata irinta da ƙarfe, alminiyam zai ninka nauyin ruwan sau 2.7, baƙin ƙarfe sau 7.9, dalma sau 11.3, zinariya kuwa sau 19.3. A ma'aunin Salshiyas kuza tana narkewa a digiri 232, dalma a 327, alminiyam a 660, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai a 1,538. Zaiba ita kaɗai ce ƙarfen da yake ruwa-ruwa a zafin ɗaki.

Kada mu haddace lambobin nan kamar aku. Kowace lamba tana bayyana wani aiki. Rashin nauyin alminiyam ne ya sa ake ƙera jikin jirgin sama da shi. Saurin narkewar kuza ne ya sa mai gyaran waya yake liƙa ƙananan wayoyi da ita ba tare da ya ƙona na'urar ba. Nauyin zinariya ne ya sa in an wanke yashi a ƙwarya, ita ke zauna a ƙasa, yashin ya bi ruwa. Wanda ya gane halin ƙarfe, ba sai an faɗa masa amfaninsa ba.

Rabe-rabe da gauraye

A jarrabawa akan nemi a kasa ma'adinan ƙarfe gida uku. Gida na farko dangin baƙin ƙarfe: tama da ƙarafan da ake zuba wa baƙin ƙarfe don ƙara masa inganci, irin su manganis da kuromiyam da nikel. Gida na biyu waɗanda ba su da baƙin ƙarfe a cikinsu: jan ƙarfe, alminiyam, kuza, dalma da tutiya. Gida na uku masu daraja: zinariya, azurfa da filatinam.

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma a masana'anta haka abin yake. Da wuya a yi aiki da ƙarfe guda tsantsa. Baƙin ƙarfe in an bar masa ɗan sinadarin kabon, wanda bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba, sai ya zama sitil, wato ƙarfen rodi da layin dogo da wilin mota. In an ƙara masa kuromiyam sama da kashi goma cikin ɗari, sai ya daina tsatsa, a yi cokula da almakashin asibiti da shi. Jan ƙarfe da tutiya su ke ba da tagulla mai ruwan ɗorawa irin wadda maƙeran Bida suka shahara da ita. Jan ƙarfe da kuza kuma su ba da wata tagullar mai ƙwari da ake yin lambar yabo da ita. Kwanon rufin ajinmu baƙin ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don kada tsatsa ta ci shi. Gwangwanin madara da na tumatir kuma baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza.

Me ya sa ba ko'ina ake samunsu ba?

Kowane ma'adini yana da irin dutsen da yake zama a ciki da hanyar da ya taru. Wasu sun taru ne lokacin da narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa ya huce, ruwan zafi mai ɗauke da ƙarfe ya bi tsagogin dutse ya bar jijiyoyi. Wasu sun kwanta shimfiɗa-shimfiɗa a ƙarƙashin tsofaffin tekuna. Boksayit yana samuwa ne a ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama, inda ruwa ya daɗe yana wanke ƙasa har ya bar alminiyam a sama. Wasu kuma ruwa ne ya ɓarɓashe su daga dutse ya tara su a gindin rafi, kamar kuza da zinariya.

Shi ya sa taswirar ma'adinai ba ta bin iyakar ƙasashe. Ostareliya da Barazil su ne kan gaba wajen haƙar tama, amma Sin ce ke narka fiye da rabin sitil ɗin duniya. A Afirka akwai tama a Afirka ta Kudu da Laberiya da Gini da Muritaniya, inda jirgin ƙasa ke ɗaukarta kimanin kilomita 700 cikin hamada zuwa bakin teku. Ƙasar Cile ce ta ɗaya a jan ƙarfe, a nahiyarmu kuma Zambiya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Kwangon ce kuma ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin da ake sa wa a batirin waya da na motar lantarki. Gini tana sahun gaba a boksayit. Sin da Indunusiya su ke kan gaba a kuza. Gana, wadda Turawa suka taɓa yi wa laƙabi da gaɓar zinariya, tana haƙarta a Obuasi da Tarkwa. Afirka ta Kudu ce ke da mafi yawan filatinam. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa tun 1971 take haƙar yuraniyam a Arlit, ƙarfen da ake samar da lantarkin nukiliya da shi.

A Najeriya, ga yadda rabon yake. Kuza da kolumbayit a tsaunukan Filato da Bauchi da Nasarawa da Riruwai ta jihar Kano. Tama a Itakpe da Agbaja cikin jihar Kogi. Dalma da tutiya a kwarin Binuwai, daga yankin Abakaliki har zuwa Zurak ta jihar Filato. Zinariya a tsofaffin duwatsun yammacin ƙasar: Anka da Maru a Zamfara, Birnin Gwari, Yawuri, jihar Neja, da yankin Ilesha a jihar Osun. A 'yan shekarun nan kuma an shiga rububin litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kogi da Kwara.

Kuzar Jos: abin da tarihi ya koya mana

Narka ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, an gano murahun narka tama da suka haura shekara dubu biyu. Mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala ma masu narka tama ne. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai suna narka kuza suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni.

Waɗannan tsinkayen kuza su suka ja hankalin Turawa zuwa tsaunukan Jos a farkon ƙarni na ashirin. Kamfanoni suka kafa sansani, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa Bukuru a 1914, aka gina tashar lantarki ta ruwa a Kurra don injinan haƙa. Dubban mutane daga Kano da Katsina da Borno da kudancin ƙasar suka yi tururuwa zuwa aikin kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har aikin tilas aka sa mutane, kuma da yawa sun rasu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A shekarun 1950 Najeriya ce ta fi kowace ƙasa fitar da kolumbayit, wanda ake ciro niyobiyam daga cikinsa don ƙarfafa bututun mai da injin jirgin sama. A wajen haƙar kuza ne ma aka tsinci gumakan yumɓu na Nok a 1928.

To amma shekaru masu yawa ɗanyen yashin ake lodawa a jirgi a kai Ingila a narka. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza a Jos. Daga baya kuzar da ke kusa da sama ta yi ƙaranci, man fetur ya ɗauke hankalin ƙasa, sannan a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Abin da aka bar wa Filato shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da gonakin da suka lalace. Ma'adini ba gero ba ne da za a sake shukawa baɗi. In ya ƙare, ya ƙare.

Yadda dutse ke zama ƙarfe

Matakai biyar ne. Bincike, inda masana ilimin duwatsu ke auna yawan ma'adinin da ingancinsa. Haƙa, ko dai a buɗaɗɗen rami ko a ƙarƙashin ƙasa. Tacewa, wato a niƙa dutse a ware mai amfani da ruwa ko maganaɗisu. Narkawa. Sai kuma sarrafawa zuwa rodi ko faranti ko waya.

Mu ɗauki baƙin ƙarfe. Ana zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa a cikin wani dogon murhu, a hura masa iska mai zafi ta ƙasa. Kabon ɗin da ke cikin kwal ya ƙwace oksijin daga tama, narkakken ƙarfe ya gangara ƙasa, farar ƙasa kuma ta kwashe datti ta taso sama a matsayin kashin maƙera. Wannan shi ne abin da kakanninmu suke yi da gawayi da zugazugi, girman murhun ne kawai ya bambanta. Alminiyam kuwa da lantarki ake raba shi. Ana bukatar tan huɗu zuwa biyar na boksayit kafin a sami tan ɗaya, ga shan wuta mai yawan gaske. Sake narka tsohon alminiyam ba ya cin fiye da kimanin kashi biyar cikin ɗari na wannan wuta. Ashe masu tsintar gwangwani da masu zuba tukwane suna yin aikin da ya fi ƙarfin rainin da ake yi musu.

A kowane mataki daraja tana ƙaruwa, aikin yi yana ƙaruwa. Saboda haka ne gwamnatin Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyat a 1979 don gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, kusa da tamar Itakpe, aka kuma gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo. Tamar Itakpe kusan kashi ɗaya bisa uku nata ne ƙarfe, don haka sai an tace ta kafin ta shiga murhu. Fiye da shekara arba'in ke nan babban murhun Ajaokuta bai narka tama ba, ƙasar kuma tana ci gaba da sayo ƙarfe daga waje. Samun dutse a ƙasa ɗaya ne daga cikin bukatu. Sai an haɗa da wuta da sufuri da ƙwararru da riƙon amana.

Darasin Zamfara

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya cika. Da aka auna jininsu sai aka tarar da gubar dalma. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankin cike yake da dalma, kuma ana kawo shi cikin gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙa. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jikinsu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega aka zuba sabuwa, sannan maganin da ake ba yaran ya yi amfani. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Iyayen nan ba mugunta suka yi ba. Neman abinci suke yi, ba su san abin da ke cikin dutsen ba. Da akwai wanda ya gane galena ya san halinta, da an tsira da rayuka masu yawa. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ko da bai mutu ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba shi da illa. Zaibar da ake kama zinariya da ita ma, in an ƙona ta hayaƙinta yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Don haka ga saƙon da za mu kai gida. Kada a shigo da dutsen ma'adini cikin gida. Kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi. A jiƙa shi da ruwa yayin aiki don ƙura ta kwanta. Mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. A nisanta yara da masu juna biyu daga wurin. A daina sa wa jarirai tozalin dutse, a daina fasa tsohon batiri a tsakar gida.

Ina namu rabon?

Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya sa dukkan ma'adinan ƙasar nan a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai da lasisi ake haƙa. Ɗan uwanmu da ya bar aji ya shiga rami da diga da tocila yana matakin da ya fi kowanne haɗari, ya kuma fi kowanne ƙarancin riba. Rami yakan rufta, ƙura takan ci huhu, mai saye kuma shi ke yanka farashi domin shi ya san abin da dutsen ya ƙunsa. Wanda ya tsaya ya koyi kimiyyar sinadarai da fizis da lissafi da labarin ƙasa, shi ne gobe zai auna dutsen, ya tsara ramin da ba zai rufta ba, ya kunna murhun da ya yi shekaru a kashe. Jami'o'inmu suna koyar da ilimin duwatsu da injiniyancin ƙarafa, a Jos kuma akwai cibiyar koyar da aikin ma'adinai ta ƙasa. In kana da aboki da ya yi wannan tafiya, ka karanta masa wannan shafi.

Gwajin wannan mako

Ka sami maganaɗisu daga tsohuwar lasifika. Ka kusantar da shi ga ƙusa, da gwangwanin madara, da gwangwanin lemo, da guntun wayar wuta da ba ta haɗe da lantarki. Ka rubuta wanda ya kama da wanda bai kama ba, ka faɗi dalili. Sannan ka ja shi cikin busasshen yashin rafi ka duba abin da ya manne masa.

Tambayoyin bita

1. Kawo halaye huɗu na ƙarfe, da aikin da kowane hali ya dace da shi.
2. Daga wane dutse ake samun kuza, da alminiyam, da dalma?
3. Me ya sa ake samun boksayit a Gini, ba a samunsa da yawa a hamada?
4. Mene ne aikin dutsen farar ƙasa a murhun narka tama?
5. Kawo hanyoyi uku na kare yara daga gubar dalma.

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.